Albarushin Daura: Harbi a Fili, Ciniki a Ɓoye

Sau uku a shekara, da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da kuma Sallar Gani, 'yan bindiga kan turnuƙe ƙofar fadar Daura da hayaƙi. Suna harbi hakimai na kallo, 'yan sanda na tsaye da kakinsu, manyan baƙi daga Katsina da Abuja da ƙetaren iyaka na zaune a rumfa, yara na toshe kunne suna dariya. Babu wanda ke ɓoye komai. Amma duk cikar taron nan, da wuya a sami mutum ɗaya da zai iya nuna kanti mai rajista, mai allo a ƙofa da littafin ciniki a kan tebur, inda aka sayo albarushin da ya tashi a iska. Ka tambayi tsohon ɗan bindiga ko maharbi, "Baba, a ina kuke samun albarushi?" Amsar ba za ta wuce, "Yaro, akwai mutanenmu" ba. Gaskiya ya faɗa, kuma iyakar abin da zai iya faɗa ke nan ba tare da ya ja wa wani fitina ba.

Shekara da shekaru muhawarar makamai a Arewa tana kewaya bindiga ne: wa ke da ita, wa ya ƙera ta, a karɓe ta ko a bar ta. Abin da ake ɗura mata kuwa an bar shi a duhu, alhali in babu shi ba ta tashi. Ra'ayina shi ne, a masarauta irin Daura, a fito da cinikin albarushin gargajiya fili, a rubuta mai sayarwa da mai saye da yawan abin da aka auna. Yin haka ya fi kame da ƙwace amfani, ya kuma fi shirun da ake yi yanzu aminci. Masu ganin wannan sassauci ne ga masu makami suna da hujjojinsu, kuma ba hujjojin banza ba ne. Zan zo kansu.

Akwai ƙasar da wannan ciniki yake a fili ƙarara. A birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, sau biyu a shekara ake cin kasuwar bindiga ta Wanenmacher, mai tebura sama da 4,000 a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba duk mai shiga ne ke neman sabuwar bindiga ba. Da yawa dattawa ne masu riƙe da tsohuwar bindigar gado wadda masana'antu suka daina yi wa harsashi, ko suke yi jefi-jefi da ɗan karen tsada. Wani Martini-Henry ce gare shi, irin wadda sojan Ingila ya fara ɗauka a 1871. Wani kuma mai cin harsashin .303 ce, harsashin da aka yi wa Kano ruwansa a watan Fabrairun 1903, wanda daga baya 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna yawo da bindigarsa a kafaɗa. Irin wannan mutum yana bin tebura yana neman kwanson tagulla da aka riga aka harba, da ɗan maɓallin gindin kwanso da ke ba da wuta, da garin albarushi, da kan harsashi na dalma, da ƙarfen matsi daidai girman harsashinsa. In ya koma gida sai ya ɗura da hannunsa, da sikeli a gabansa da littafin awo irin wanda kamfanonin Lyman da Hornady ke bugawa.

Tsoro ne ya haifi wannan tsari. Mai ɗuri a can ya san kuskuren awo kaɗan na iya fasa masa bindiga a fuska, shi ya sa komai a rubuce yake: wane gari, nawa, ga wane harsashi. Gwangwanin albarushi na ɗauke da sunan kamfani da lambar rukunin da aka yi shi a ciki, ta yadda in an gano aibi za a iya janye shi daga kasuwa. Dokar tarayyar Amurka ta ware bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi, ta kuma yarda mutum ya sayi baƙin albarushi har fam 50, wato kusan kilo 23, don wasanni da bukukuwan al'ada ba tare da lasisin abubuwa masu fashewa ba. A Ingila an fi tsanantawa: baƙin albarushi komai ƙanƙantarsa sai da takardar 'yan sanda, har da sharaɗin irin akwatin katakon da za a ajiye shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sha'awar kasuwar Tulsa ta ci a Mai'adua ran Lahadi. Ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta fitar a 2018 ya nuna bindiga miliyan 393 ne a hannun farar hular Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma a jihohi da dama mutum na iya sayar wa ɗan'uwansa bindiga a irin wannan kasuwa ba tare da an binciki mai saye ba. Sakamakon haka ana jin sa a labarai kusan kowane mako. Abu ɗaya kawai na ɗauko daga can, wanda Ingila mai tsanani ma ta yarda da shi: tsohuwar bindiga ta al'ada da farauta tana da kanti, kantin yana da adireshi, kayan suna da lamba.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Labarin kafuwar Daura ma da maƙera ya fara, don sai da Bayajidda ya biya ta Gaya aka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma ƙasar Daura a ƙarni na 19 ta san bindiga ne ta hanya mai zafi. Bayan jihadi Malam Ishaku ya karɓi birni, gidan sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Maƙwabciyarsu ta arewa, Damagaram, ita ce mai ƙarfin wuta a duk yankin. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara dubban bindigogi da igwa gommai. Bindigogi da yawa ayarin Tarabulus ne ya kawo su ta hamada, amma wasu igwar a Zinder, babban birnin Damagaram, aka zuba su, albarushi ma a can ake dakawa. Zango da Baure a inuwar wannan ƙarfi suka rayu, Daura ta Fulani kuma a bakinsa take, har zuwa lokacin da Faransa ta ci Zinder a 1899, Ingilishi kuma suka maido da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. M. G. Smith ya bi wannan zamani daki-daki a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978.

Darasin wancan zamani da aka fi mantawa shi ne sarakuna ba su taɓa sakar wa kowa bindiga ba. Attajiri ko basarake yana iya mallakar doki da sulke, amma bindiga da albarushi yawanci a hannun bayin sarki suke, mutanen da ba su da gidan sarautar da za su yi wa tawaye. Wanda ya riƙe rumbun albarushi shi ya riƙe rundunar. A yammacinmu, Samori Ture ya fahimci haka fiye da kowa: maƙeransa sun koyi gyara bindigogin Faransa har da kwaikwayonsu, kuma dakarunsa na tsince kwanson da aka harba a fagen fama don a sake ɗura shi. Abin da dattijon Oklahoma ke yi don nishaɗi, maƙeran Samori sun yi shi don ceton rai, har aka kama ubangidansu a 1898.

Sai Turawa suka zo da nasu lissafin. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigar zamani da harsashinta, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙyastu mai ɗuri ta baki da baƙin albarushi na kasuwa. Wato bindigar da muke kira ta gargajiya, bindigar toka, wadda wasu ke ce wa baushe wasu harba-ka-ruga, ba zaɓinmu kaɗai ba ce. Ita ce wadda aka ƙyale mana don an san ba za ta tsaya gaban bindiga mai ruwa ba. Wannan bai rage mata daraja a hawan Sallah ba, amma ya kamata duk mai tunanin kare ƙauye da ita ya tuna dalilin da ya sa aka bar ta.

Dokar da muke bi yau 'yar wancan tunani ce. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kai, ta kasa bindiga gida uku. Na farko makaman yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, su ne aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi lasisi. Dillalin bindiga da harsashi dole ya yi rajista ya kuma ajiye littafin ciniki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar nan ta ba Sufeto Janar ikon ba maƙeri izinin ƙerawa da gyara bindigar toka in Gwamnan jiha ya amince, ta kuma ce a ajiye rajistar masu izinin. Ke nan ƙofar halal tana nan a rubuce fiye da shekara 60. Ciyawa ce kawai ta rufe ta. Hukuncin ma abin a yi dariya ne a yi kuka: wanda ya riƙe bindigar toka ba lasisi inda ake buƙatarsa, tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara biyu, amma maƙerin da ya ƙera ba izini yana fuskantar aƙalla shekara goma. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar cewa ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Mai son bin doka ya je ofis, an ce masa an rufe littafi. Ya koma gida da bindigar da kakansa ya bari, da gona da birai da aladun daji ke ɓarna a ciki, da hawan da za a yi wata mai zuwa. Ina zai nufa in ba wurin "mutanenmu" ba?

A nan ne nake ganin hukuma ta bar jaki tana dukan taiki. Kasuwar harsashi iri biyu ce a Arewa maso Yamma, kuma ba su haɗa hanya ba. Ta farko ita ce ta baƙin albarushi, wanda asalinsa gawayi ne da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa, abin da ɗan Adam ya sani shekara ɗaruruwa, wanda babu shingen kwastam da zai iya tsayar da shi tunda ba ya buƙatar masana'anta. Ta biyu ita ce ta harsashin AK-47, mai awon 7.62 da 39. Shi wannan babu maƙerin da zai iya yin sa a ƙauye. Yawancinsa kwanson ƙarfe ne da ba a saba sake ɗura shi ba, sai dai a harba a yar. Kowane ɗaya da ɗan bindigar daji ya harba a Batsari ko Faskari daga wata masana'anta ya fito, da lamba a gindinsa, ya bi ta wata hanya, wani ya karɓi kuɗi ya kau da kai. Wannan ne lagon 'yan bindigar daji. Bindigarsu za ta yi shekara 40 tana aiki, amma harsashi kullum sai an kawo.

Hanyoyin kuwa an san su. Cibiyar Conflict Armament Research ta bi diddigin makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, a rahotonta na Janairun 2020 ta nuna wasu daga rumbunan Libiya suka fito, wasu daga na Kwaddebuwa, wasu daga hannun jami'an tsaron Najeriya kansu, wasu kuma bindigogin farauta ne ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta teku. A 2017 kaɗai Hukumar Kwastam ta kama irin waɗannan na Turkiyya har 2,671 a Legas. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne ba a san inda suka shiga ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga cikinsu AK-47, ko da yake rundunar ta yi gardama kan alƙaluman. Ko da kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, ya isa ya hana mutum barci. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Masu awaki da gero na Kongolam da Mai'adua sun ji a jikinsu, harbi a daji kuwa bai tsaya ba. Ƙarin abin takaici, bajekolin makamai mafi girma da Katsinawa suka gani a fili shi ne na tarukan sulhun 2025 a irin su Jibiya da Batsari da Faskari, inda 'yan bindiga suka zo da makamansu da jigidar harsashi a wuya, suka zauna gaban jami'ai, aka ɗauki hoto, suka koma.

A cikin wannan hali ne ake jera bindigogin toka a gaban 'yan jarida a ce an kama makamai. Ban ce duk mai bindigar toka salihi ba ne. An yi fashi da ita, an yi rikicin gona da ita, 'yan sa-kai sun yi kisan gilla da ita a kasuwanni, wanda hakan na cikin abin da ya hura wutar Zamfara da kudancin Katsina. Amma ƙirga ta a layi ɗaya da AK-47 ruɗin kai ne. Ruɗin ma fuska biyu gare shi, don masu kiran a ba talaka makami su ma suna faɗa masa. Lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa jama'a a 2021 su nemi bindiga su kare kansu, da lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce a nemi lasisi a watan Yunin 2022, wace bindiga ce talakan Safana zai iya saye? Wadda ake harbawa sau ɗaya a tsaya ɗuri, a gaban mai ƙwanƙwasa harsashi 30 kafin ya canja gida. Mafarautan Adamawa sun taimaka wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram a Nuwamban 2014, gaskiya ne, amma sanin daji da ƙarfin zuciya da sojan da ke gefensu ne suka yi aikin. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 ya fi kusa da daidai, don aƙalla mutanen suna da suna a littafi, da kaki, da wanda za a tuhuma in sun yi ɓarna.

Zaman duhun nan yana da kuɗinsa, kuma masu bindigar ne ke biya da jikinsu. Albarushin da ba a san wanda ya daka shi ba, ƙarfinsa na yau daban da na gobe. Ana auna shi da ido da tafin hannu. A ranar hawa matasa na gasar wa zai fi ƙara, sai a ƙara ɗuri. Mafi muni, wani ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar da bakinta bututun ruwa ne, alhali garin zamani ƙarfinsa ya ninka abin da irin wannan ƙarfe zai iya ɗauka. Duk wanda ya tashi a garin da ake hawa ya san wani mai yatsa uku ko ido ɗaya. Birmingham ta Ingila, garin da ya fi kowane cika Afirka ta Yamma da bindigar kasuwa, ya kafa gidan gwajin bakin bindiga tun 1813, inda ake ɗura wa kowace fiye da ƙima a harba ta daga nesa, wadda ta tsira a buga mata hatimi. Shekara sama da 200 ke nan, mu har yanzu hannun yaro ne wurin gwajinmu.

Kuɗin na biyu ya fi ɗaci. A ƙarshen Maris na 2025, cikin azumi, mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano daga jihar Ribas don yin Sallah suka faɗa hannun 'yan banga a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin toka a motarsu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, babu wata takarda da za ta wanke su, kuma taron da ya fusata bai tsaya neman takarda ba. Amma abin ya nuna inda rashin tsari ya kai mu: bindigar da a Daura alama ce ta biki da farauta, a wani gari shaidar laifi ce, kuma babu wata rajista ta ƙasa da ɗan sandan Edo zai buga waya cikin minti biyar ya tabbatar da ko wane ne maharbin, wane Sarkin Baka ne ya san shi, wane hakimi ne ya sa masa hannu.

Me ya sa Daura? Don ita ce wurin da gwajin zai fi sauƙi. Ƙananan hukumomi biyar ne kacal: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua. Nesa take da dajin Rugu, kuma ko da yake ba ta tsira gaba ɗaya ba, sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa ran 1 ga Mayun 2019 shaida ne, ba ta cikin yaƙi irin na yammaci da kudancin jihar. Tsarin sarauta kuma yana nan da ransa a ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gado tun 2007. Mai unguwa ya san kowane gida mai bindiga, dagaci ya san kowace maƙera, shugabannin maharba sun san yaransu har da masu taurin kai. Ilimin da Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 aka yi mata doka a 2024, za ta kashe miliyoyi tana nema, yana nan a kan dattawan Yardaje da Sandamu kyauta. Abin da ya rage a rubuta shi, kuma a tabbatar wa mai faɗa cewa faɗar ba za ta kai shi ofishin 'yan sanda da ankwa ba.

Abin da nake hange ba mai tsada ba ne. Ɗaki guda a wajen gari, nesa da gidaje da gidan mai, da makulli biyu, ɗaya a hannun wakilin fada ɗaya a hannun 'yan sanda. Masu daka albarushi 'yan ƙalilan da aka sani su kawo nan, a gwada, a ƙulla a ƙananan ƙunshi masu lamba. Ɗan bindigar sarki ya karɓi na hawa, maharbi ya karɓi na kakar farauta, kowa da katinsa, abin da ya rage a dawo da shi. Maƙeri ya sami izinin da dokar 1959 ta riga ta tanada, ya buga tambarinsa da lamba a kan kowace bindiga, a gwada bakinta da igiya daga bayan bango kafin ta shiga hannun ɗan wani. Maroko ta nuna al'adar harbi na iya zama da tsari ba tare da ta mutu ba: wasan dawakinsu na Tbourida, inda mahaya ke sukuwa su harba a tare, yana da gasar ƙasa da ƙa'idoji da alƙalai, kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2021, shekara uku kafin ta sa hawan Sallar Kano a Disambar 2024. Hawan da duniya ta fara zuwa kallo bai kamata albarushinsa ya ci gaba da zuwa a ledar burodi ba.

Yanzu ga hujjojin masu ja. Ta farko, maƙerin da ya iya bindigar toka ya iya ƙaramar bindiga mai cin harsashin farauta, irin wadda 'yan fashin birni ke so, don haka ba shi izini tamkar ba shi mafaka ne. Wannan gaskiya ne rabi. Gwanintar tana hannunsa ko da izini ko babu. Bambancin shi ne mai izini yana da abin da zai rasa, ana iya shiga maƙerarsa da rana a duba, kuma shi ne zai fara tona wanda ke ɓata musu sana'a. Ta biyu, rumbun albarushi abin hari ne, kuma ana iya karkatar da shi zuwa haɗa bam. Shi ya sa ya kamata ya zama kaɗan, na mako-mako, a cike shi gab da hawa kawai. Masu haɗa bam a ƙasar nan ma ba da albarushin maharba suka dogara ba, takin zamani da nakiyar fasa dutse sun fi musu, kuma nakiyar tana ƙarƙashin Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964 da ma'aikatar ma'adinai, inda ya kamata a fi sa ido. Ta uku ita ce ta lauyoyi: makamai da harsashi da abubuwa masu fashewa su ne abu na biyu a jerin da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya, don haka sarki ko gwamna ba shi da hurumi. Haka ne, kuma shi ya sa ban ce masarauta ta ba da lasisi ba. Lasisi na Kwamishina ne, izinin maƙeri na Sufeto Janar ne da amincewar Gwamna. Fada shaida ce kuma mai lamuni, aikin da take yi kullum a kan gona da gado da aure.

Hujjar da ta fi damuna ta huɗu ce, kuma daga bakin maharban kansu take fitowa. Suna cewa duk littafin da gwamnati ta buɗe, ƙarshensa haraji ne ko kame. Yau a rubuta sunanka, gobe wani sabon Kwamishina ya zo ya ce a tattaro bindigogin, ga jerin sunaye a hannunsa. Kati kuma ya zama abin tatsa a shingen hanya. Wanda ya ga yadda aka yi da lasisin masu bindigar farauta, yau a bayar gobe a dakatar, ba zai ce tsoron nan banza ba ne. Saboda haka dole yafiya ta riga rajista, a rubuce, da sa hannun Kwamishina da Gwamna, a karanta ta a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa: duk wanda ya kawo bindigar toka aka buga mata lamba cikin wa'adin da aka yanka, ba za a tuhume shi kan abin da ya wuce na mallakarta ba. Katin ya zama kyauta ko kusa da kyauta, kwafin littafin kuma ya zauna a fada ba a ofishin 'yan sanda kaɗai ba. A fara da 'yan bindigar sarki, tunda su ba su da abin ɓoyewa, kowa ya san fuskokinsu. Maharban Baure da Zango za su tsaya daga nesa su ga abin da ya sami waɗanda suka fara ba da suna, kuma in hawa biyu ko uku suka wuce ba a kama kowa ba, ba a kuma nemi na goro ba, Sarkin Baka da kansa zai zo da jerin yaransa.